Shigar iyaye cikin harkokin makarantun firamare: Yadda shugabannin makarantu ke kallon lamarin

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye da masu riƙon yara a Najeriya su tabbatar 'ya'yansu sun shiga makaranta, sun kuma kammala firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara 9 na karatu kyauta. Wanda kotu ta samu da saɓa wannan, a karon farko gargaɗi za a yi masa. A karo na biyu akwai tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun.

Ban da wannan wajibi, akwai hanyoyi biyu da iyaye ke sa hannu a tafiyar da makaranta. Ta farko ita ce ƙungiyar iyaye da malamai, wadda aka fi sani da PTA. Ta biyu kuwa kwamitin kula da makaranta ne, wato SBMC, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa a makarantun gwamnati. Kwamitin kan ƙunshi shugaban makaranta da wakilan malamai da iyaye da mata da ɗalibai, tare da masu sarauta da shugabannin addini na yankin.

Abin da shugabannin makarantu suka fi buƙata daga iyaye shi ne turo yara kullum kuma a kan lokaci. A karkara ajujuwa kan yi ƙarancin ɗalibai ranar kasuwa da lokacin shuka ko girbi, kuma talla na hana 'yan mata da dama zuwa aji. Hedimasta ba shi da ikon shiga gida ya fito da yaro, amma mai unguwa ko limami ko uwa da ke cikin kwamitin na iya yi wa iyayensa magana su ji.

Saɓani ya fi tasowa a kan kuɗi da iko. Tunda doka ta ce karatu kyauta ne, iyaye da yawa na ɗaukar kuɗin PTA a matsayin kuɗin makaranta da aka sauya wa suna, alhali hedimasta na ganin da shi ake sayen alli da gyara rufin aji. Haka nan shugabannin makarantu kan yi maraba da gudummawa, amma su nuna damuwa idan kwamiti ya nemi tsoma baki a ɗauka ko sauya wa malamai wurin aiki, domin wannan hurumin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma.

Saboda haka amana tsakanin ɓangarorin biyu ta dogara ne ga bayyana wa iyaye abin da aka tara da yadda aka kashe shi, da kuma kiran taro a lokacin da manomi da 'yar kasuwa za su iya halarta.