Daga Bosso Zuwa Tagwai: Tarihin Ruwan Famfo a Minna

Kafin zuwan jirgin ƙasa Minna ƙaramin mazauni ne na Gbagyi a gindin duwatsu, waɗanda rijiyoyinsu da rafuffukansu suka wadace su. Amma da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa ta a wajen 1911, daga baya kuma layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan, sai Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka yi ta kwararowa, wasu don aikin reluwe, wasu don fatauci, har buƙatar ruwa ta fi ƙarfin rijiya, domin shi kansa jirgin wancan zamani da gawayi da ruwa yake tafiya. A ƙarshen shekarun 1940 hukumar mulkin mallaka ta datse ruwa a tuddan Bosso, arewa da gari, ta kafa ƙaramar matata, kuma hikimar wurin ita ce tudunsa, don ruwa yakan gangaro wa mutane da kansa ba tare da an wahalar da inji ba.

Haka al'amari ya ci gaba har 1976, shekarar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanki Jihar Neja daga Jihar Arewa Maso Yamma, aka mai da Minna fadar mulki. Garin da aka auna masa ruwa gwargwadon tashar jirgi da kasuwa sai ga shi ya wayi gari da sakatariya da gidajen ma'aikata da baƙi ba adadi, alhali kuwa madatsar Bosso tana nan yadda Turawa suka bar ta. Sabuwar gwamnati ta kafa Hukumar Ruwa ta Jihar Neja, ta damƙa mata amanar shayar da birane, kuma babban aikin da aka soma da shi shi ne datse kogin Tagwai, wanda ke malala cikin kogin Chanchaga. Abin da ya cancanci a ambata a nan, don mutane da yawa sun manta da shi, shi ne ba wani kamfanin Turai ya gina wannan madatsa ba, hukumar WRECA ce ta Jihar Kano, wadda injiniyoyinta suka ƙware a aikin dam na ƙasa. An gama ta a 1978, tsayinta ya kai mita 25, tana iya tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 28.

Daga Tagwai akan saki ruwa ya bi kwarinsa zuwa matatar Chanchaga, inda ake ɗaga shi daga kogi yana ja wur da laka, musamman da damina, a zuba masa alif har dauɗarsa ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi, sa'an nan a sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Malaman fiƙihu tun dā sun sharɗanta cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba, ma'aikacin matata kuwa, ko ya karanta littafin Ishmawi ko bai karanta ba, waɗannan sifofi uku su yake fara dubawa kafin ya kai ga awon da ido ba ya gani.

To, a nan ne matsalar take. Chanchaga tana kwari, gari kuwa yana sama, saboda haka babu ɗigon da zai isa tankunan da ke bisa duwatsu sai manyan injuna sun tura shi, su kuwa injunan abincinsu wutar lantarki. Abin mamaki, jihar da ta ƙunshi madatsun Kainji da Shiroro, wadda ke ba ƙasa wutar lantarki, ita ce famfunanta kan ƙafe don an ɗauke wuta, a koma ga janareto mai shan man dizal. Ga kuma bututun da aka binne tun gari yana ƙarami, wasu sun yi tsatsa, wasu masu aikin titi sun fasa su, har mai wucewa ya ga tataccen ruwa yana bin kwata alhali unguwannin Kpakungu da Maitumbi da Sauka Kahuta suna jiran 'yan garuwa da kurarsu cike da jarkoki. An sha ƙara sassa a matatar, an sha sayen sababbin injuna, amma a ganina gwamnatoci sun fi son aikin da za a yanka masa ƙyalle a kan gyaran da babu mai ganinsa.

Ganin waɗannan matsaloli ne ya sa, a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, aka sāke wa Hukumar Ruwa doka da suna ta zama NISWASEC, da taimakon shirin E-WASH na hukumar USAID ta Amurka, wanda aka soma a 2018 a jihohi shida, har da Neja da Sakkwato. Manufar ita ce NISWASEC ta san adadin masu shan ruwanta, ta sa musu mita maimakon kuɗin ƙiyasi, ta ƙididdige abin da ke zubewa a hanya, ta kuma rage jingina da baitulmalin jiha. Sai dai mutumin da famfonsa ya yi wata bai kawo ba da wuya ya karɓi takardar biya da fara'a, mawadata kuwa, waɗanda su ne suka fi iya biya, tuni da yawansu suka haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu suka fita daga lissafin hukuma.