Tafiyar Shekara 2 da Ta Ci Shekara 200: Tarihin Kumbo da Gudun Haske

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihin wata tambaya za mu bi. Idan aka ƙera kumbo, aka yi ta ƙara masa wuta dare da rana ba tsayawa, me zai same shi da mutanen ciki idan ya doshi gudun haske? Haske dai yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, wato ya zaga duniyar nan sau bakwai da ɗoriya kafin ka gama ƙifta ido sau biyu.

A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley suka yi wani awo mai tsananin kyau. Tunaninsu shi ne, tunda duniya tana gudu a kewayen rana, saurin haske zai ɗan bambanta gwargwadon inda ka fuskanta, kamar yadda mai keke yake jin iska ta fi ƙarfi idan ya tunkare ta. Suka auna, suka sake aunawa, ba su ga bambancin da suke jira ba. Abin ya tsaya wa masana a wuya shekara da shekaru.

Sai 1905, wani matashi ɗan shekara 26, ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, Albert Einstein, ya ce a daina neman kuskure a wurin haske. Saurinsa ɗaya ne ga kowa, ko kana zaune ko kana gudu. To idan shi bai canza ba, dole wani abu ya canza, kuma wannan abin shi ne lokaci da tazara. Agogon mai gudu yana tafiya a hankali idan aka gwada shi da na wanda aka bari a gida. Ku lura fa, ba agogon ne ya lalace ba. Bugun zuciyarsa, narkewar abincinsa, furfurarsa, duk haka suke. Shi a cikin kumbo ba zai ji komai ya sauya ba.

Wanda ya ɗauko wannan lissafi daga takarda ya sa masa mutum a ciki shi ne Bafaranshe Paul Langevin. A 1911, wajen wani taron masana falsafa a Bolonya ta Italiya, ya ce a ƙaddara an harba matafiyi da gudun da ya gaza na haske da kashi ɗaya kacal cikin 20,000. Ya yi shekara ɗaya yana tafiya, shekara ɗaya yana dawowa. Zai sauko ya tarar duniya ta yi shekara 200. Wannan shekara 50 ke nan cif kafin Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya fita sararin samaniya a 1961. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka ɗauke shi tatsuniya.

To ta yaya za a gwada, alhali babu kumbon? A nan ne labarin ya fi burge ni, domin matafiyan da aka samu ba mutane ba ne. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, sun fi zarra ƙanƙanta, ana kiransu miyuwon. Ana haifarsu can sama, kilomita 15 ko makamancin haka, idan tartsatsin da ke zuwa daga sararin samaniya ya daki iskar duniya. Rayuwarsu ba ta wuce kimanin kashi biyu cikin miliyan na sakan ɗaya. Ko da gudun haske suke yi, abin da za su ci kafin su ruguje bai kai mita 700 ba. Amma ga su nan suna isowa ƙasa, suna ratsa jikinmu yanzu haka da nake magana.

Bruno Rossi da David Hall sun auna su a tsaunukan Colorado wajajen 1940. Sannan a 1963 David Frisch da James Smith suka fitar da sakamakon da ya fi fitowa fili. A saman tsaunin Washington da ke jihar New Hampshire sun ƙirga kusan 563 a awa ɗaya. Suka sauko ƙasa, tazarar kusan mita 1,900. Da tsohon lissafi, kamar 27 ne ya kamata su rayu su iso. Sun ƙirga 412. Kun ji fa. Agogon ƙwayoyin nan ya yi jinkiri kusan ninki tara.

A Oktoban 1971 kuma Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗauki agogunan zarra guda huɗu suka hau jirgin fasinja na kowa da kowa, har da sayen kujera da sunan agogon. Suka zaga duniya ta gabas, suka sake zagawa ta yamma. Ta gabas agogunan sun yi baya da kashi 59 cikin biliyan na sakan, ta yamma sun yi gaba da kashi 273, daidai da abin da lissafi ya hango idan an haɗa tasirin gudu da na nauyin duniya. Yau taurarin GPS da wayarka take dogara da su sai an gyara musu wannan bambanci, kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum. Da an bari, taswira za ta riƙa ɓata da kusan kilomita 10 a rana.

Yanzu mu koma kan kumbonmu. Carl Sagan ya buga irin wannan lissafi a 1963: kumbo ya riƙa ƙara gudu daidai gwargwadon jan da duniya take yi mana, yadda na ciki za su ji nauyinsu kamar suna gida. Bayan shekara ɗaya a agogonsu sun kai kusan kashi 77 cikin 100 na gudun haske. Bayan biyu, kusan 97. Bayan uku, sun haura 99. Daga nan duk wutar da aka ƙara, ɗan kaɗan take ƙarawa a gudun, amma giɓin da ke tsakanin agogonsu da namu sai ya yi ta buɗewa. A kashi 87, shekararsu ɗaya biyu ce a nan. A 99, bakwai. A 99.9, ta haura 22. Hanyar da ke gabansu ta gajarce, taurari su tattaru ta goshin kumbon, launinsu ya karkata zuwa shuɗi. Tsakiyar gungun taurarinmu, wadda haske yake ɗaukar shekara kimanin 26,000 kafin ya kai, su za su isa cikin shekara 20 na rayuwarsu.

Mutane suna jin wannan sai su ce ai an samu hanya. Ni dai ban ga hanya ba tukuna. Wanda ya je ya dawo ya ƙara shekara 40, gida kuwa an yi sama da 50,000. Ba wanda ya tura shi, ba ƙasar da ta biya kuɗin, ba ma harshen da zai ba da rahoto da shi. Wace gwamnati ce za ta sa hannu a aikin da amsarsa za ta zo bayan haka?

Ga kuma katangar kanta. William Bertozzi ya nuna a 1964 cewa duk ƙarfin da ka ɗura wa ƙwayar lantarki, gudunta ba ya ƙetare na haske. A babbar na'urar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, ana kora ƙwayoyi har su rage wa haske kamar kilomita 11 a awa, gudun mai keke da bai gaggauta ba, kuma wannan ragowar ta gagara cikewa. Kai kilo ɗaya tak zuwa kashi 87 na buƙatar ƙarfin da ya kai bam ɗin Hiroshima kusan 1,400. Kilo ɗaya, ba kumbo da mutane da ruwa da abincinsu ba. A wannan gudun, ƙurar da nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na giram ba, idan ta daki kumbo, tamkar tan 20 ne na nakiya.

Shi ya sa masu zanen gaske suka rage buri. Shirin Daedalus na wata ƙungiyar masana a Birtaniya, tsakanin 1973 da 1978, ya tsaya a kashi 12, kuma ba mutum a ciki. Breakthrough Starshot da Yuri Milner ya sanar a 2016, Stephen Hawking na gefensa, ya nufi kashi 20 da 'yan na'urori masu nauyin giram kaɗan waɗanda haske mai ƙarfi zai tura daga ƙasa. Babu wanda ya tashi a cikinsu.

Abin da ya tashi shi ne Parker Solar Probe, wanda a 24 ga Disamba 2024 ya wuce kusa da rana da gudun kusan kilomita 692,000 a awa. Ɗan Adam bai taɓa ƙera abin da ya kai shi gudu ba, kuma bai kai kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske ba. Voyager 1 kuwa, tun 1977 yake kan hanya da kilomita 17 a sakan. Da Proxima Centauri ya nufa, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, sai ya yi sama da shekara 70,000 kafin ya isa.