Maigida Na Neman Izini a Gidansa: Tarihin Asusun Dole a Kwamfuta

Akwai wani saƙo da ke fitowa a allon kwamfutoci masu aiki da Windows wanda ya daɗe yana ɓata wa manyan mutane rai. Mutum ya sayi na'ura da guminsa, ya je buɗe wata manhaja, sai a ce masa ya nemi izinin wani babba a iyalinsa. Sau da yawa wanda ake faɗa wa hakan magidanci ne mai 'ya'ya. Tun kafin a kai ga wannan ma, sabuwar kwamfuta mai Windows 11 ba ta barin mai ita ya shiga sai ya haɗa ta da intanet, ya kuma buɗe asusu a wurin kamfanin Microsoft. Waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya ne, kuma tarihinsu ya haura shekara sittin.

Asalin asusu

A farkon shekarun 1960 kwamfuta abu ce mai cika ɗaki, wadda sai jami'a ko gwamnati ko babban kamfani ke iya mallaka. A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin da ya ba mutane da yawa damar yin aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda. Da yake kowa na da takardunsa a ciki, sai aka ba kowa suna da kalmar sirri. Da tsarin ya yaɗu zuwa kamfanonin da ke sayar da lokacin kwamfuta, sunan nan ya zama asusu na haƙiƙa: da shi ake ƙirga mintocin da mutum ya ci, a aiko masa da takardar biya. Mai asusu ɗan haya ne, kuma akwai wakilin maigida da ke iya buɗe masa ƙofa ko ya rufe.

Kwamfutar mutum ɗaya ta zo ne don kawo ƙarshen wannan zaman haya. Altair 8800 ta fito a 1975, Apple II a 1977, sannan IBM ta fitar da tata a watan Agustan 1981 tare da babbar manhajar DOS ta Microsoft. Babu suna, babu kalmar sirri. Ka kunna, ka kama aiki. Ko a zamanin Windows 95, akwatin da ke neman kalmar sirri na jeka-na-yi-ka ne, domin idan mutum ya soke shi yana shiga. Asusu mai tsaro na gaske ya zo ne da Windows NT a 1993, ya iso gidajen jama'a da Windows XP a 2001. Amma asusun nan a cikin na'urar yake zaune. Mai kwamfuta shi ke ƙirƙirarsa, shi ke goge shi, kuma babu wanda ya san da shi a wajen ɗakin.

Yunƙurin farko

A ƙarshen 1997 Microsoft ya sayi Hotmail, ya gaji miliyoyin masu adireshin imel. A 1999 ya kafa Passport a kansu, da nufin mutum ya riƙa shiga shafuka dabam-dabam da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, kamfanin kuma ya zama mai riƙe da mabuɗin. A 2001 ya bayyana wani shiri mai suna HailStorm, wanda zai adana adireshin mutane da jadawalin ayyukansu da bayanan biyan kuɗinsu a rumbunansa. Windows XP kuwa ta zo da wani ɗan saƙo da ke ta leƙowa daga kusurwar allo yana matsa wa mutum ya yi rajistar Passport.

Abin bai tafi yadda aka so ba. A watan Yulin 2001 ƙungiyar kare sirri ta EPIC da wasu ƙungiyoyi suka kai ƙorafi gaban hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wato FTC. Kamfanin Sun Microsystems ya jagoranci kafa ƙawancen Liberty Alliance domin hana kamfani ɗaya zama mai gadin ƙofar intanet. A watan Agustan 2002 Microsoft ya sasanta da FTC, wadda ta zarge shi da zuzuta tsaron Passport fiye da yadda yake, da tara tarihin shigar mutane ba tare da ya bayyana ba, da kuma yi wa iyaye alkawarin ikon da sashen yara na Passport bai ba su ba. Aka ɗora masa binciken tsaro daga masu zaman kansu na tsawon shekara 20. Aka jingine HailStorm, kuma bayan 'yan shekaru manyan shafuka irin su eBay suka daina karɓar Passport.

Sai dai asusun bai mutu ba. Ya sake suna zuwa Windows Live ID a 2006, ya ci gaba da zama mabuɗin Hotmail da Messenger da Xbox, yana jiran ranarsa.

Yadda yaro ya shigo lissafi

Zaren na biyu ya faro ne daga majalisar dokokin Amurka. A 1998 aka zartar da dokar COPPA, ta fara aiki a Afrilun 2000. Ta haramta wa shafukan intanet tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da tabbataccen amincewar iyayensa. Daga nan ranar haihuwa ta zama tambayar da ba makawa ga mai buɗe asusu, kuma amsarta ce ke raba mutane gida biyu: wanda ake ji da maganarsa, da wanda sai an nemo masa waliyyi. Akwai lokacin da Microsoft ke cire santi 50 daga katin bankin uba ko uwa a Amurka don kawai ya tabbatar babba ne ya ba da izini.

Da farko sa ido kan yara bai buƙaci wannan duka ba. Windows Vista, wadda ta isa kasuwa a Janairun 2007, ta zo da hanyar da uba zai iyakance sa'o'in da ɗansa zai yi a kwamfuta, ya hana wasu wasanni, ya tace shafuka, ya kuma duba rahoton abin da yaron ya yi. Duk wannan a cikin na'urar ake yinsa, tsakanin uba da ɗa, ba tare da na uku ba. A Windows 7 aka cire tace shafuka da rahoto, aka mayar da su wata manhaja ta dabam mai buƙatar asusun Windows Live. A Windows 10 aka kammala ƙaurar: sai uba yana da asusun Microsoft, yaron ma yana da nasa, an haɗa su a rukunin iyali da ke zaune a rumbunan kamfanin. Iyaye da dama sun yi mamaki a 2015 da suka fara samun imel duk mako ɗauke da jerin shafukan da 'ya'yansu suka ziyarta.

Daga wannan tsari ne saƙon neman izini ke faɗo wa manya. Na'urar ba ta ganin furfura; abin da ke rubuce a asusu take bi. Idan an yi kuskure wurin rubuta ranar haihuwa, ko an buɗe wa mutum asusun tun yana ƙarami aka manta da ƙa'idojin da aka ɗora masa, ko ya tsinci kansa a rukunin iyalin wani da aka kunna wa takunkumi, to a idon tsarin yana ƙarƙashin wani. Wanda aka rubuta a matsayin yaro ba ya iya cire kansa daga rukunin sai mai kula da shi ya yarda. Idan mai kulan ya manta kalmar sirrinsa ko ya rasu, an shiga tsaka mai wuya.

Ƙofar da aka yi ta tsukewa

Abin da ya gagara a 2001, wayar hannu ce ta share masa hanya. Daga 2008, masu iPhone da Android suka saba da cewa ba a sauke manhaja sai da asusun Apple ko na Google. A 2011 Google ya fitar da Chromebook, kwamfutar da aka gina kacokan a kan asusunsa. Da Windows 8 ta fito a Oktoban 2012, Microsoft ya ba mutane damar shiga kwamfutarsu da asusun intanet, ya kuma sa shi a gaba, asusun cikin na'ura a baya.

Bayan Satya Nadella ya karɓi ragamar kamfanin a Fabrairun 2014, lissafin kasuwanci ya sauya. An ba masu Windows 7 da 8.1 damar ɗaukar Windows 10 kyauta na tsawon shekara guda daga 29 ga Yulin 2015. Idan ba a samun kuɗi daga sayar da babbar manhaja sau ɗaya, to sai a same shi daga abin da ake biya wata-wata: ma'ajiyar OneDrive, manhajojin ofis na Microsoft 365, wasannin Xbox, da tallace-tallace. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tafiya ba tare da an san wane ne ke zaune gaban allo ba.

Daga nan aka riƙa tsuke ƙofar sannu a hankali. Zuwa 2019, mai saita Windows 10 ta gida ba ya ganin zaɓin asusun cikin na'ura muddin yana haɗe da intanet, har mutane suka koyi zare waya kafin su fara. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, ta wajabta intanet da asusu ga nau'in gida. A 2022 aka faɗaɗa wajibcin zuwa nau'in Pro idan don amfanin kai za a saita shi. Masu gyara suka gano wani umarni mai suna bypassnro da ke tsallake matakin. A Maris na 2025 kamfanin ya sanar da cire shi daga nau'o'in gwaji, a Oktoba kuma ya toshe wata hanyar. Ko waɗanda suka zaɓi zama kan Windows 10 bayan ƙarewar tallafinta ranar 14 ga Oktoban 2025, sai da asusun Microsoft suke iya yin rajistar ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro.

Hujjar kamfani da farashinta

Adalci ne a ji ta bakin kamfanin. Wanda ya manta kalmar sirrin asusun intanet yana iya dawo da ita. Wanda kwamfutarsa ta lalace yana iya samun takardunsa idan an kwafe su zuwa OneDrive. Tun nau'in 24H2 na 2024, Windows 11 tana kulle bayanan faifai da BitLocker a yawancin sababbin saiti, yadda ɓarawon kwamfuta ba zai iya karanta su ba, kuma mabuɗin ceto a asusun ake ajiye shi. Ga iyaye kuma, ƙa'ida ɗaya tana bin yaro daga kwamfuta zuwa Xbox zuwa waya. Waɗannan fa'idodi ne na gaske.

Farashinsu shi ne ikon yanke hukunci ya bar ɗakin. A watan Yunin 2025 wata matsala a tsarin Family Safety ta sa manhajar Chrome ta riƙa rufewa da kanta a kwamfutocin da aka kunna wa tace shafuka, har wasu suka koma sauya wa fayil ɗin manhajar suna don ta buɗe. Tacewar dama da Edge kaɗai take aiki, wato manhajar kamfanin, don haka kare yaro ya zo tare da toshe abokan gasa. Kuma mai gadin da kansa an taɓa samun sa da laifi: a Yunin 2023 Microsoft ya amince ya biya tarar dala miliyan 20 bisa zargin FTC cewa ya tara bayanan yara masu buɗe asusun Xbox kafin a nemi izinin iyayensu, ya kuma riƙe su fiye da ƙima.

Tsarin ya ginu a kan zaton cewa kowa na da intanet mai ƙarfi, da kwamfutarsa shi kaɗai, da ranar haihuwa tabbatacciya. A Kano ko Damagaram, inda kwamfuta ɗaya kan yi wa gida ko ofis guda aiki, ake kuma sayen data da awo, zaton ba ya tsayawa. Mafi haɗari shi ne al'adar barin mai shago ya saita sabuwar na'ura. Idan ya shiga da asusunsa don ya wuce matakin da sauri, mabuɗin ceton faifan yana hannunsa. Ranar da kwamfutar ta nemi lambobin nan 48, likita ko lauya ko malamin jami'a zai gane cewa aikin shekarunsa yana rataye da wani yaro da ƙila ya bar kasuwar.

Har yanzu akwai sauran sarari. Ana iya komawa asusun cikin na'ura bayan an gama saiti. Kwamfutocin Mac suna barin mutum ya tsallake asusun Apple, kuma manyan nau'o'in Linux ba sa neman asusun kowa. Amma doka ta fara bin sahun kasuwa. A Oktoban 2025 gwamnan jihar Kalifoniya ya sa hannu a dokar da za ta tilasta wa masu babbar manhaja tambayar shekarun mai amfani tun lokacin saita na'ura, daga Janairun 2027. Da yake manyan kamfanonin nan a Amurka suke, abin da aka gina don cika dokar jiha ɗaya yana iya isa kowace ƙasa da ake sayar da kayansu.

Tambayar da aka yi wa Passport a 2001 ita ce ko ya dace kamfani ɗaya ya riƙe mabuɗin shiga shafukan intanet, kuma ƙorafin jama'a da matsin hukuma da gasar 'yan kasuwa suka tilasta masa ja da baya. Yau mabuɗin na kwamfutar kanta ne, tare da duk abin da ke cikinta. Kafin a samu irin wancan matsin, abin da ya rage wa mai na'ura shi ne ya san sunan wa ke kan asusun da ke buɗe ta, wace ranar haihuwa aka rubuta a ciki, da inda mabuɗin cetonsa yake.