Aikin sa-kai a gasar gudun fanfalaki: yaushe ya dace mutum ya shiga?

Duk shekara idan watan Fabrairu ya matso, matasanmu na Agege, Idi-Araba da Obalende kan yi tambaya kan shiga aikin sa-kai a gasar gudun fanfalaki ta Legas. Amsar da nake bayarwa ita ce, kafin ka rubuta sunanka ka duba abu biyu: wane aiki za a ba ka, kuma wane lokaci na shekara gasar ta faɗo.

An fara gasar Legas a 2016, kuma ɗan Kenya Abraham Kiptum ne ya lashe ta a karon farko. Tsawonta kilomita 42 da mita 195, ana yin ta ranar Asabar a watan Fabrairu. A yawancin shekarun da suka wuce akan tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere da sassafe, a haye gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Masu shirya gasa kan sauya hanya, don haka a duba sanarwar shekarar.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne bambancin lokaci tsakanin 'yan gudun. Gwanaye na kammalawa cikin awa 2 da 'yan mintoci, amma gama-garin mutane na kai awa 5 zuwa 6 a hanya. To ka ga wanda aka ajiye a teburin ruwa na kilomita 5 zai ga kowa ya wuce tun rana ba ta yi zafi ba, ya kwashe robobi ya tafi harkarsa. Wanda aka ajiye bayan kilomita 30 kuwa, ko a wurin ƙarewa, yana nan tsaye har tsakar rana, kuma a nan ne wahalar take. A nan ƙafafu ke ɗaurewa, a nan ake samun mai jiri da mai amai, wani ma ya faɗi. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya nemi wannan wuri. Ya fara da teburin ruwa na farko-farko, ko da rabon lambobi da riguna, wanda ake yi kwanaki kafin gasar, a inuwa.

Sai maganar Asabar. Ga ɗan kasuwar Mile 12 ko mai sayar da kaya a bakin titi, Asabar ranar ciniki ce, kuma aikin sa-kai ba sana'a ba ce, kada ka sa rai da kuɗi. Idan cinikin ranar ne ke ciyar da gida, ka bar shi sai shekarar da ka samu mai tsare maka rumfa. Ka kuma tuna ana rufe manyan hanyoyi tun kafin gari ya waye. Mai fitowa daga Agege dole ya bar gida cikin dare, ko ya kwana wurin ɗan'uwa kusa da inda aka tura shi. Sallar asuba a Legas a wannan wata tana kamawa wajen ƙarfe 6 saura, daidai lokacin da ake jera kaya, saboda haka ka gaya wa shugaban rukuninku tun farko cewa za ka ɗan tashi ka yi salla.

Azumi ma ya shigo lissafi yanzu. Watan Ramadan na matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 an fara shi a farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, a 2027 kuma zai kama a farkon watan. Ke nan muddin ba a sauya watan gasar ba, tana iya faɗowa cikin azumi. Tsayuwar awa 6 cikin zafi da gumin Legas, kana miƙa wa wasu ruwa kai ba ka sha, ba kowa zai jure ba fa. Mai azumin da ya dage sai ya yi, ya nemi aikin sassafe ko na kafin ranar. Mai ciwon suga ko hawan jini kuwa ya tambayi likita tukuna.

'Yan'uwanmu na yankin Benin da Auchi suna da gasar Okpekpe a jihar Edo, wadda aka fara a 2013. Kilomita 10 ce kan tudu da gangare, ana yin ta a watan Mayu, lokacin da damina ta fara. Gajeriya ce, gwanaye na gama ta cikin kusan rabin awa, don haka ta fi sauƙi ga mai son gwadawa, sai dai a shirya wa ruwan sama.

Wanda yake da burin yin gudun da kansa nan gaba, shi ne ya fi kowa amfana da shekara ɗaya a teburin ruwa, domin zai ga da idonsa yadda mutum ke kasancewa a kilomita 35. Amma kada ya haɗa biyun a gasa ɗaya. Kuma idan ka riga ka ba da suna sannan uzuri ya taso, ka sanar da wuri don a sa wani a gurbinka, domin tebur ɗaya da ya rasa hannu na iya sa ɗaruruwan 'yan gudu su wuce ba su samu ruwa ba.