Giya a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta: Tarihin Sana'ar da Kalmominta

1.0 Gabatarwa

Akwai sassan rayuwar Bahaushe da manazarta harshe suka daɗe suna kauce musu saboda kunya ko tsoron zargi. Sana'ar dafa giya tana daga cikinsu. Musulunci ya haramta shan duk abin da ke sa maye, kuma mafi yawan Hausawa Musulmi ne, don haka aka wayi gari kalmomin wannan sana'a sun zama marayu a fagen nazari. Sai dai haramcin abu bai hana a san tarihinsa ba, domin malaman fiƙihu kansu sai da suka rarrabe ire-iren abubuwan sha kafin su yanke musu hukunci. Wannan maƙala za ta bi diddigin giyar dawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tun daga zamanin maguzanci har zuwa zamanin kwalba, tare da duba yadda masu ita suke bambance ire-irenta ta fuskar ɗanɗano, da kuma sawun da ta bari a cikin harshe.

2.0 Giya Kafin Jihadi

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya lissafa manyan mutanen da suka kewaye Barbushe a gindin dutsen Dala, kowa da aikinsa. A cikinsu akwai maƙeri, da mai magani, da mai gadin gari da dare, da shugaban makaɗa, sannan akwai Bugazau, wanda aka ce shi ne mai dafa giya. Jera shi kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani ya nuna cewa a tunanin mutanen wancan zamani dafa giya sana'a ce mai daraja, wadda tsafi da biki ba su kammaluwa sai da ita.

Wannan matsayi ya saura a wurin Maguzawa har cikin ƙarni na 20. Joseph Greenberg (1946), wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna cewa shan giya yana daga cikin manyan alamomin da ke raba Bamaguje da Musulmi. Ana dafa ta don aure da mutuwa da gayyar noma, kuma mata ne ke riƙe da sana'ar. A kudancin Filato kuwa, Robert Netting (1964) ya tarar da al'ummar Kofyar suna biyan ladan aikin gona da giyar da suke kira mos, suna biyan tara da ita, suna kuma girmama baƙo da ita. A irin wannan al'umma giya abinci ce, kuma tana yin aikin kuɗi.

3.0 Dahuwa, Ire-ire da Ɗanɗano

Asalin aikin ɗaya ne a ko'ina. Ana jiƙa dawa kwana ɗaya ko biyu, a baza ta a inuwa a lulluɓe ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ne sirrin sana'ar, domin shi ke juyar da garin ƙwayar ya koma zaƙi, kuma dabarar da masu kunun zaƙi ke amfani da ita ke nan. Daga nan a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa a manyan tukwane. Sai a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi, ya huce, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar giya a matsayin iri, ya tsima kwana ɗaya ko biyu. Aikin yakan ci kusan mako guda, abin da aka samu kuwa ba ya jure ajiya fiye da 'yan kwanaki, domin bai daina tsima ba ko bayan an zuba shi a ƙwarya.

Daga wannan tushe ne ire-iren suka rabu. Burkutu yana da kauri da duhu, ƙwarya ba ta rasa gari a gindinta, kuma yana ƙosarwa kamar kunu. Fito ana tace shi sosai, saboda haka ya fi tsarwa da haske. Sunansa a Gana da kudancin Nijeriya shi ne pito, amma da yake Hausa ba ta da sautin /p/ mai zaman kansa, sai ya fito da /f/, kamar yadda ake samu a kalmomin fensir da famfo. A Burkina Faso da Mali ana cewa dolo, a arewacin Kamaru da Cadi bil-bil, a Sudan marisa, Fulani kuwa su ce mbal. Bammi dabam yake da waɗannan duka, domin ruwan itace ne da ake tatsa daga kwakwa ko tukurwa, ba a ɗora shi bisa wuta.

Masu shan giyar dawa ba sa auna ta da ɗaci. Ma'auninsu shi ne daidaito tsakanin zaƙi da tsami: wadda ba ta gama tsima ba zaƙi ya rinjaye ta, wadda ta kwana biyu kuma tsami ya kashe ta. Suna duba kauri, da kumfa, da launin da jar dawa ke bayarwa, da ƙauri idan tukunya ta kama. Shi ya sa a gidajen burkutu aka saba ba mai saye ɗanɗano a 'yar ƙwarya kafin ya biya, kasancewar dahuwar kowace mace da hannunta, kuma ta jiya ba ta zama ɗaya da ta yau.

4.0 Jihadi da Mulkin Mallaka

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 ya sauya matsayin giya a birane. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu ya lissafa ci da shan abin da aka ga dama, ba tare da duba halal ko haram ba, a cikin halayen sarakunan da ya yaƙa. Daga nan giya ta fita daga fada ta koma ƙauyukan Maguzawa da bakin iyakokin daula. Duk da haka ba ta ɓace ba. Hugh Clapperton, da ya yada zango a Kulfo ta ƙasar Nufe a 1826, ya tarar ana sayar da bammi da wata giya mai suna buza, kalmar da aka sani har Masar da Turkiyya.

Turawa sun zo da nasu tsarin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma a kan haka aka mayar da Arewacin Nijeriya yankin hani, alhali a Kudu harajin barasa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Simon Heap (1998) ya nuna cewa hanin ya yi ta yoyo, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sabon Gari da barikin soja da sansanonin haƙar kuza na Jos sun tara ma'aikata masu albashi daga ƙabilu daban-daban. A nan ne giyar dawa ta tashi daga abin biki ta zama hajar kasuwa, kuma da yake Hausa ce harshen bariki, sai kalmar burkutu ta bazu har ta shiga Ingilishin Nijeriya.

Adabi ma bai yi shiru ba. Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya yana jan kunnen jama'a, Mamman Shata kuma ya yi waƙar da aka sani da A Sha Ruwa. Sunan waƙar Shata kansa hujja ce ga manazarci, domin kiran giya da ruwa sakayawa ce irin ta al'ummar da ke jin nauyin ambaton abin. Haka kuma kalmar ta shiga salon magana: ana cewa giyar mulki ta ɗebi wane, ko kuma mutum ya ce ba zai aikata abu kaza ba ko giyar wake ya sha.

5.0 Zamanin Kwalba

An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Aba a 1957 da Kaduna a 1963. Guinness ma ta kafa tata a Ikeja a farkon shekarun 1960. Giyar kwalba ta zo da ma'aunin ɗanɗano na Turai: tsiron sha'ir, da ɗacin wani fure da ake kira hof, da tacewa har ta yi garau, da sanyin firji. Hausa ta ari kalmar biya don ta. Mai albashi ya koma kwalba, burkutu ya zama na talaka.

Sai ga shi a 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, a ƙarƙashin shirinta na gyaran tattalin arziki. Dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara, har irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta ya samu kasuwa. Ma'ana, masana'antun zamani sun koma ga ƙwayar da matan ƙauye suka daɗe da sanin yadda ake tsirar da ita. Ko bayan janye hanin, dawa ta ci gaba da zama jigo a masana'antar.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999, da bin sahunta da wasu jihohi 11 suka yi, ya taƙaita cinikin giya a tsakiyar ƙasar Hausa. A Kano kaɗai, Hisba ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a rana guda a watan Nuwamba na 2013. Cibiyar sana'ar burkutu ta ƙara karkata zuwa Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba da Adamawa.

6.0 Ƙananan Masana'antu

A daidai lokacin da kwalba ke danne tukunya a Nijeriya, a Turai da Amurka akasin haka ake yi. An kafa ƙungiyar CAMRA a Birtaniya a 1971 don kare giyar gargajiya daga manyan kamfanoni, marubuci Michael Jackson ya rarraba ire-iren giyar duniya a littafinsa na 1977, Shugaba Jimmy Carter kuma ya sa hannu a dokar halatta dahuwar gida a Amurka a 1978. Abin da masu wannan yunƙuri ke yabawa shi ne dahuwa kaɗan-kaɗan, da giya marar tacewa, har ma da mai tsami irin lambik ta Beljiyam. Waɗannan kuwa su ne siffofin burkutu tun asali. Yunƙurin ya iso Nijeriya da kafa Bature Brewery a Abuja a 2017, kamfanin da ya ɗauki sunan Hausa, ya kuma gwada sanya zoɓo a cikin dahuwarsa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda giyar dawa ta sauko daga gindin Dala zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa bariki, da yadda dawa ta shiga kwalba a 1988. Kowane mataki ya bar kalma a harshe: giya, fito, buza, barasa, burkutu, biya. Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun adana sunayen abubuwan shan, amma sunayen matakan dahuwa da kayan aiki da siffofin ɗanɗano suna bakin tsofaffin mata ne, cikin Hausar Maguzawa da harsunan Filato da Binuwai. Masu riƙe da su suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun musulunta, ko sun shiga coci, ko sun koma birni. Tattara waɗannan kalmomi aiki ne da ke jiran masana harsunan Nijeriya, kuma zai taimaka wajen gane hanyoyin da aro ya bi tsakanin Hausa da maƙwabtanta.