Sallama Iri Biyu: Tafiyar Jalen Hurts da Ta Caleb Williams

A ranar 16 ga Janairun 2019 wani saurayi ɗan shekara 20, Jalen Hurts, ya sanar cewa zai bar Jami'ar Alabama ya koma Jami'ar Oklahoma. A ƙwallon jami'o'in Amurka irin wannan labari yakan tayar da ƙura, amma a garin Tuscaloosa abin da aka fi ji ranar shi ne godiya da fatan alheri. Shekara uku bayan haka wani saurayin, shi ma ɗan shekara 20, ya bar Oklahoma ɗin, aka raka shi da baƙar magana.

Wasan da ake magana shi ne na ƙwallon nan mai siffar gwanda, wadda ake jifa da hannu ko a rungume ta a ruga da gudu. A jihohin Alabama da Oklahoma babu ƙungiyar babbar gasar ƙwararru ta NFL, don haka ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa, daga kaka har jika. Filin Tuscaloosa yana cin mutum kusan 100,000, na garin Norman, inda Jami'ar Oklahoma take, ya haura 80,000. A cikin 'yan wasa 11 da ke kai hari, kwatabak ne jagora: hannunsa ƙwallo ke fara shiga, shi ke duba fili ya yanke ko jifa ko miƙawa ko gudu. Gurbin ɗaya ne tak. In jami'a ta tara gwanaye biyu, dole ɗaya ya ɗumama benci, ga shi a lokacin shekarun wasan ɗalibi huɗu ne kawai.

Hurts ɗan Channelview ne, kusa da Houston a jihar Teksas, kuma mahaifinsa ne ya horar da shi a sakandare. Tun shekararsa ta farko, 2016, koci Nick Saban ya damƙa masa ragama. A shekara biyu ya ci wasa 26, ya faɗi 2. Sai daren 8 ga Janairun 2018 a Atlanta, wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa da Jami'ar Jojiya. Aka tafi hutun rabin lokaci Alabama ba ta da ko maki ɗaya, Jojiya na da 13. Saban ya zaunar da Hurts ya sako wani sabon yaro ɗan tsibirin Hawayi, Tua Tagovailoa, wanda ya juya wasan, ya rufe shi da doguwar jifa a ƙarin lokaci, aka tashi 26 da 23. Duk tsawon rabin nan kyamara na komawa kan Hurts a gefen fili, ana neman ɓacin rai a fuskarsa. Abin da aka gani shi ne yana tarbar Tua duk sanda ya fito, yana dafa kafaɗarsa, yana murna da shi.

Kowa ya zaci zai tattara kayansa. A watan Satumba na shekarar Kelly Bryant na Clemson, da aka yi masa irin haka, ya bar ƙungiyarsa bayan wasa huɗu don ya adana shekarar wasansa, tunda a dokar lokacin wanda bai wuce wasa huɗu ba ba a ƙirga masa shekarar. Hurts ya zauna, ya shiga wasa na biyar yana sane cewa shekarar ta ƙone ke nan, filin Tuscaloosa ya ɗauki tafi. Ranar 1 ga Disamba, a filin nan dai na Atlanta, da Jojiya ɗin nan dai, Tua ya ji ciwo a idon sawu ana cikin zangon ƙarshe, Alabama na baya da 28 da 21. Hurts ya sa kwalkwali ya shiga. Ya jefa wa Jerry Jeudy ƙwallon da ta kawo kunnen doki, sannan saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ruga yadi 15 da ƙafarsa ya tsallake layi, aka tashi 35 da 28. Saban, mutumin da aka sani da ɗaure fuska, muryarsa rawa take yi da aka tambaye shi game da yaron.

Saboda haka da Hurts ya karɓi digirinsa a watan Disamban, daga baya ya ce zai tafi, babu mai bakin zarginsa. Ya biya bashi har da ƙari. Amma akwai wata gaskiya da ya kamata a ajiye kusa da wannan: Tua yana nan. Tafiyar Hurts ba ta rage wa Alabama komai ba, kuma sa albarka ga wanda ba a buƙata ba abu ne mai wuya ba.

A Norman kuwa tarbar baƙo ta riga ta zama al'ada. Baker Mayfield daga Texas Tech ya zo, ya ci kambun Heisman, na gwarzon ɗan wasan shekara, a 2017. Kyler Murray daga Texas A&M ya zo, ya ci a 2018. Dukansu sai da suka zauna shekara guda ba wasa, don haka dokar lokacin ta tanada ga mai sauya sheƙa. Hurts, da yake ya gama digiri, bai jira ba. Ya kai Oklahoma ga cin kofin yankinta a 2019, ya zo na biyu a Heisman bayan Joe Burrow na LSU, wanda shi ma daga Ohio State ya ƙaura. A Janairun 2020, a wasan baje kolin masu kammala jami'a da ake yi a Mobile, an yi masa kwalkwali mai tambarin Alabama a gefe guda, na Oklahoma a ɗaya gefen. Har yau jami'o'in biyu kowacce cewa take nata ne, balle bayan da ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, da Philadelphia Eagles a Fabrairun 2025.

A tsakanin nan dokoki suka sassauta. A Oktoban 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar da ɗan wasa zai sa sunansa in yana son tafiya, ba sai ya nemi izinin koci ba. A Afrilun 2021 aka soke zaman shekara ga mai ƙaura karon farko, daga 1 ga Yuli kuma aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu.

Kakar 2021 ta fara a Norman da kwatabak Spencer Rattler, wanda ake yi wa hasashen Heisman. Ranar 25 ga Satumba, suna wasa da West Virginia a gida, hari ya ƙi tafiya, sai ɓangaren ɗalibai ya fara yi wa Rattler ihu, suna kiran sunan yaron da ke benci, Caleb Williams, ɗan birnin Washington. Oklahoma ta ci wasan 16 da 13, kuma Rattler ne ya ja harin ƙarshe da ya kawo nasarar, amma ihun ya riga ya shiga kunne. Mako biyu bayan haka a Dallas, a karon shekara-shekara da babbar abokiyar gaba Jami'ar Teksas, inda ake raba filin biyu, rabi ja rabi ruwan lemo, Teksas ta yi gaba da 28 da 7. Koci Lincoln Riley ya sako Williams. Ana neman yadi ɗaya rak, yaron ya kutsa cikin cunkoso, ya zame daga hannun masu tare shi, ya ɓulla ta ɗaya gefen ya yi gudun yadi 66. Oklahoma ta ci 55 da 48. Daga ranar Rattler ya koma benci.

Ranar 27 ga Nuwamba Oklahoma State ta doke su 37 da 33. Bayan wasan Riley ya shaida wa 'yan jarida cewa ba zai zama kocin LSU ba, kamar yadda ake ta raɗe-raɗi. Washegari aka ji ya karɓi aikin kocin Jami'ar USC a Los Anjalas. Norman ta ɗauki zafi. An rataye ƙyallaye a harabar jami'a ana kiransa maci amana, wani ɗan majalisar dattawan jihar ma ya nemi a sa sunan Riley a inci 3 na ƙarshen wata hanya da ke fita daga jihar ta yamma.

Williams bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya buga wasan rufe kaka a San Antonio ƙarƙashin tsohon koci Bob Stoops, suka doke Oregon 47 da 32, magoya baya suka sa rai. Ranar 3 ga Janairun 2022 ya sa sunansa a rajista, ranar 1 ga Fabrairu ya bi Riley. Wasu sun gode masa da ya tsaya har ƙarshe. Da yawa kuwa butulu suka kira shi, suka ce kuɗi da fitilun Kalifoniya ya bi, suka haɗa da mahaifinsa, wanda ya fito fili ya ce inda za a fi shirya ɗansa don NFL suke nema. Da kakar ta zo Teksas ta lallasa Oklahoma 49 da nema, ƙungiyar ta ƙare da ci 6 faɗuwa 7, karon farko tun 1998 da faɗuwarta ta fi cinta yawa, Williams kuma ya ɗauki Heisman da rigar USC. Ciwon ya ƙara zurfi.

Ina ganin zafin nan na gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Mutumin da ya gaji kujerarsa a fili daga ubansa, shi ba ya ƙaura, ba ya da wata rajista. Amma ɗora wa Williams laifi bai yi mini daidai ba. Saboda Riley ne Williams ya zo Norman, Riley ya tafi a dare ɗaya ba tare da dokar da ta taɓa hana koci ba. Yaro mai shekaru ƙalilan a hannu, a wasan da karo ɗaya kan iya raba mutum da gwiwarsa, ya bi malaminsa. Kuma a ranar da ya sa sunansa a rajista, sa'o'i kaɗan tsakani, Oklahoma ta karɓi Dillon Gabriel, wanda ya bar UCF ya riga ya yi wa UCLA alkawari, aka yi murna a Norman.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Rattler. Shi aka yi wa ihu a gidansa yana sanye da rigarsu, ya zauna a benci har kakar ta ƙare, ya tafi South Carolina a Disamban 2021 ba tafi ba zagi, don hankalin gari na kan wasu. Ranar 19 ga Nuwamban 2022 ya yi jifa shida masu ci a wasa ɗaya, suka doke Tennessee 63 da 38, ɗalibai suka ɓarke cikin fili suna neman taɓa shi. Mako guda bayan haka ya je gidan Clemson ya ci su 31 da 30.