Taba: daga fadamun Katsina da Daura zuwa kwalin sigari

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu hannu da shuni da kan biya kuɗi masu yawa domin kara ɗaya na tabar Habana, watau tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla a ƙasar Kyuba, musamman idan ta shekara da shekaru a ajiye.

Sukan sha ta ne a wuraren shaƙatawa, tare da giya. Wannan al'ada baƙuwa ce a Daura, inda shari'ar Musulunci da jihar Katsina ta ƙaddamar a shekara ta 2000 ta hana sha da sayar da barasa.

Amma ita tabar kanta ba baƙuwa ba ce. Akwai lokacin da ganyen ƙasar Katsina ya yi sunan da fatake ke ɗaukarsa su yi tafiyar watanni da shi.

Asalinta

Daga nahiyar Amurka taba ta fito. Mutanen Christopher Columbus sun tarar da 'yan asalin Kyuba suna zuƙar hayaƙinta a 1492, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta riga ta iso Maroko da gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

Abin da ke sa tabar Habana tsada shi ne ƙasar da aka shuka ta da kuma jinkirin da ake yi wajen sarrafa ta. Mafi daraja ita ce ta yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Rio. Akan shanya ganyen a inuwa, a jibge shi ya ɗau zafi har kaifinsa ya ragu, sannan a naɗe da hannu, a adana a akwatin katako mai danshin kusan kashi 70 cikin ɗari.

Manomin Hausa ya san rabin wannan sirri tun da daɗewa, domin shi ma ya san taba ƙasa take bi. Akan yi reno, a dasa ta a fadama ko a bayan gida inda taki ya wadata idan damina ta ja baya, a riƙa ban ruwa har ganyen ya yi faɗi.

Tabar Katsina

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1853 daga Damagaram, a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Cikin guzurin da ya saya har da tabar Katsina, saboda a cewarsa tana da daraja a can, duk da cewa ana kai musu wata daga kudancin Maroko.

Mutanen wancan zamani ba naɗe ta suke yi ba. Wasu kan zuba a lofe su busa, amma akasari taba gari ake yi, a daka busasshen ganye a haɗa da kanwa, a ƙunsa a baki ko a shaƙa. Mata kuwa furenta suke so, su goga a haƙora bayan cin goro domin su yi ja. Har yanzu akan ga tsofaffi a ƙauyuka da 'yar battar taba gari a aljihu, ko da yake kwalliyar fure ta kusa zama labari.

Saɓanin malamai

Da yake taba ta zo ne ƙarnuka bayan saukar wahayi, babu nassin da ya ambace ta da suna, shi ya sa malamai suka rabu tun ranar farko.

Shehun malamin Tambutu, Ahmad Baba, ya ba da fatawa a 1607 yana halatta ta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali kamar yadda giya ke yi. A Masar, manyan malaman Malikiyya biyu sun saɓa: Ibrahim al-Laƙƙani ya tsananta a kanta, Ali al-Ujhuri kuma ya sassauta. Sarkin daular Usmaniyya Murad na huɗu ya haramta ta a 1633, har da hukuncin kisa. Daular Masina ta Shehu Ahmadu ita ma ta hana ta a ƙarni na 19, haka nan ɗarikar Tijjaniyya, mai ɗimbin mabiya a ƙasar Hausa, ta hana muridanta sha.

Abin lura shi ne, muhawarar da ta gabata ta fi karkata ga batun maye da wari da ɓarnar dukiya. Hujjar cutar da jiki ta yi ƙarfi ne bayan da likitoci suka tabbatar da alaƙar hayaƙin taba da sankarar huhu a shekarun 1950. A kan wannan ne Muftin Masar Nasr Farid Wasil ya dogara a 2000, lokacin da ya ce shan ta haramun ne.

Zuwan sigari

Kamfanin British American Tobacco ya fara kasuwanci a Najeriya a 1912. An buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, sannan a Zariya a 1959 a ƙarƙashin Nigerian Tobacco Company. Daga nan aka shiga ba manoman arewa iri da taki da bashi domin su noma irin ganyen da injin ke buƙata, tabar gargajiya kuma ta koma ta tsofaffi da mutanen karkara.

Garuruwan bakin iyaka sun ga wata fuskar cinikin. A shekarun 1970 da 1980 sigarin ƙetare na cikin manyan kayan da 'yan kasuwar Maraɗi ke shigowa da su Nijar ta tashar Kwatano, daga bisani a tsallako da su Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Masarautar Daura, wadda ke da mashigar Kongolam da babbar kasuwar Mai'aduwa, tana kan wannan doguwar iyaka.

Doka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na hallaka mutane fiye da miliyan 7 a duk shekara, cikinsu har da waɗanda ba sa sha, hayaƙin wasu ne kawai suke shaƙa. Tsadar ganye ko daɗewarsa a ajiye ba sa rage komai daga wannan haɗari: tabar Habana na jawo sankarar baki da ta maƙogwaro ko da mai sha bai haɗiye hayaƙin ba, taba gari ma tana da nata rabon a cututtukan baki.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar hukumar ta yaƙi da taba a 2005. A 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana tallar taba, da sha a wuraren taruwar jama'a, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai a kwali. Duk wanda ya tsaya wurin mai tebur a tashar mota a Daura ko Katsina zai ga cewa wannan sashe na ƙarshe bai wuce takarda ba.